Wa Ya Tsige Balarabe Musa?

Har yanzu idan aka tayar da zancen tsige Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa daga kujerar Gwamnan Jihar Kaduna ran 23 ga Yuni, 1981, sai ka ji wasu dattawa suna cewa ai tsarin mulki aka bi, wakilan jama'a sun yi aikinsu. Wasu kuma su ce zalunci ne tsantsa, su la'anci 'yan NPN, su kaɗe riga su tashi. Na farko suna rufa wa mugun aiki asiri, na biyu kuwa suna gudun ambaton nasu laifin. Gaskiyar magana ita ce tun ran 21 ga Yuli, 1979, aka ɗaura wa Gwamna igiya a wuya, watau ranar zaɓen Majalisar Dokokin Jiha, mako guda kafin a zaɓe shi.

A wannan zaɓe, cikin kujeru 99 na tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa har da ƙasar Katsina, NPN ta kwashe 64. PRP ko 20 ba ta samu ba, ragowar kuma GNPP da NPP da UPN suka raba. Ran 28 ga Yuli talakawan nan dai suka koma rumfunan zaɓe, suka kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN, suka ba Balarabe na PRP. Ke nan an ba mutum ɗaya doki, an miƙa linzamin ga abokan hamayyarsa. Tsarin mulkin 1979 ya ce Gwamna ba zai naɗa kwamishina ba sai Majalisa ta amince, ba zai kashe kuɗin jiha ba sai ta zartar da kasafi, kuma kashi biyu cikin uku na wakilanta suna iya tsige shi. Kashi biyu cikin uku na 99 shi ne 66. Ƙuri'a biyu tak suka rage wa NPN tun ranar farko.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Gwamna ya soke haraji da jangali, waɗanda suka daɗe suna cin naman jikin manomi da makiyayi. Majalisa kuwa duk sa'ad da ya aika mata sunayen kwamishinoni sai ta mayar masa, har ya bar mulki bai taɓa samun majalisar zartarwa ba. To, masu cewa tsarin mulki aka bi, ku gaya mana: wace doka ce ta ce a bar jiha mai miliyoyin mutane wajen wata ashirin babu kwamishinan ilmi, babu na lafiya, babu na aikin gona, domin kawai a nuna wa Gwamna iyakarsa? An ba Majalisa ikon tace sunaye ne domin ta hana azzalumi da maciyin amana shiga gwamnati. Wanda ya mai da wannan iko sandar dukan zaɓin jama'a, ya ci amanar waɗanda suka tura shi, ko da kowace takarda ta cika sharaɗi.

Amma ku ma 'yan'uwa masu kuka da zalunci, kada ku wanke hannunku. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, wannan ko yaro ya sani. Jam'iyyun da magoya bayansu suka iya taruwa bayan mutum ɗaya a zaɓen Gwamna, me ya hana su yin haka a mazaɓun Majalisa mako guda kafin nan? Sa'an nan a 1980, maimakon PRP ta ƙara ɗaure ɗamara, sai ta rabu gida biyu, 'yan Santsi da 'yan Taɓo, kowa yana jifan ɗan'uwansa alhali abokin gaba yana ƙidayar ƙuri'unsa. Bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga. Haka Balarabe ya zama Gwamna na farko da aka tsige a tarihin Nijeriya, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya ƙarasa wa'adin.

Su kansu masu nasarar ba su daɗe suna murna ba. Lawal Kaita ya hau kujerar a Oktoban 1983, bayan wata uku soja suka kwashe kowa da kowa ran 31 ga Disamba.

Abin takaici, ba mu ɗauki darasi ba. Har gobe mutum zai yi ta gardama a kan ɗan takarar Gwamna, amma ka tambaye shi sunan wakilin mazaɓarsa a Majalisar Jiha sai ya sosa ƙeya. Wannan ƙuri'a ita ce ake sayarwa da arha, da sabulu ko turmin atamfa, alhali ita ce ke riƙe da kasafin asibitin garinku da makarantar 'ya'yanku, ita ce kuma ke iya tsayar da Gwamna ko ta tumɓuke shi. Saboda haka, ya kai mai zaɓe, ranar da aka miƙo maka takardar Majalisar Jiha, ka tuna da Kaduna ta 1979, ka san wanda za ka dangwala wa, ka kuma tambaye shi tun kafin ranar abin da zai yi da kujerar. Allah ya sa mu gane.