Filin Noma da Kiwo: Farar Tarwada da Baƙaƙen 'Ya'yanta

Masuntan Katuzu da sauran unguwannin Gashuwa sun san tarwada tun kaka da kakanni, baƙa ce ko toka-toka, gwargwadon ruwan da aka kama ta. Amma jefi-jefi akan ga wata fara sol mai jajayen idanu, watau zabiya. A kogin Yobe irin wannan ba ta cika yin tsawon rai ba, domin tsuntsayen fadamun Nguru sukan hange ta daga nesa. A wurin masu ajiye kifi cikin akwatin gilashi don ƙawa kuwa, ita ce mai daraja, kuma saboda ita mai kiwo yakan zuba kuɗinsa.

To, ga inda rigima take tasowa. Mutum ya sayi farar uwa da tsada, ya haɗa ƙwanta da na baƙin namiji, 'ya'ya suka ƙyanƙyashe dubbai, aka duba babu fari ko ɗaya. Sai ransa ya ɓaci, ya ce an cuce shi, ya sayar da su duka a kuɗin tarwadar miya. Alhali kuwa abin da yake nema yana nan cikin jikinsu, ya yi gaggawa ne kawai.

Wanda ya fara warware wannan al'amari wani limamin Kirista ne, Gregor Mendel, a garin Brno na ƙasar Cek ta yanzu. Ba da kifi ya yi aiki ba, da waken Turawa ne, ya kuma bayyana sakamakonsa a 1865. Ya haɗa mai jan fure da mai farin fure, 'ya'yan farko duk suka fito da jan fure. Da aka bar waɗannan suka haifar da nasu, sai ya ƙirga 705 masu ja, 224 masu fari, watau kusan uku bisa ɗaya. Ashe farin bai ɓace ba, ɓuya ya yi.

Bayanin shi ne kowane ɗa yana karɓar ƙwayar gado biyu game da launi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, wata mai lafewa. A yawancin kifayen da aka bincika, ƙwayar zabiya mai lafewa ce, ba ta bayyana sai ɗa ya same ta daga ɓangarorin biyu. Saboda haka waɗancan baƙaƙen 'ya'ya kowannensu yana ɗauke da farin uwarsa a ɓoye. In aka haɗa su da juna, misalin kashi ɗaya cikin huɗu na jikoki za su fito farare. In kuwa aka haɗa namiji daga cikinsu da wata farar mace, rabi ne.

A nan masu ƙyanƙyasar tarwada suna da wata matsala ta daban. Macen akan yi mata allura a matse ƙwanta, ta ci gaba da rayuwa, amma namijin yawanci sai an yanka shi kafin a sami ruwansa. Wanda ya yanka farin namiji guda ɗaya tilo da yake da shi, ba shi da sauran madogara sai 'ya'yan nan baƙaƙe. Wajibi ne ya ware su a tafkinsu, ya rubuta asalinsu a littafi, domin ido ba ya iya bambanta su da sauran. Kuma ya riƙa shigo da sabon jini daga waje, gama yawan haɗa dangi da dangi yakan kawo naƙasa da raguwar girma.

Sai dai fa ba kowane launi ne yake bin wannan lissafi ba. Ɗan ƙaramin kifin nan guppy, wanda ya cika akwatunan gilashi a duniya, yawancin adonsa daga uba yake wucewa zuwa ɗa namiji, kamar yadda Winge, masanin ƙasar Denmark, ya nuna cikin shekarun 1920. Jan kifin Sin kuma, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana tace irinsa, da duhu-duhu yake ƙyanƙyashewa, sai ya yi watanni kafin ya rikiɗe. Mai garaje yakan zubar da su tun launin bai fito ba. Har ila yau akwai launin da ba na gado ba ne sam: abinci yana ƙara wa ja ƙarfi, kuma tarwadar da ta zauna a farin mazubi takan yi haske, a mai da ita baƙin mazubi ta koma yadda take. Mai saye ya kula da idanu, na zabiya ta gaskiya jajaye ne.

Abin mamaki, wannan yanki namu yana da nasa kifin ƙawa. A 1928 wani Bajamushe mai suna Ahl ya bayyana wani ɗan kifi da aka samo a kogin Kiyawa kusa da Katagum, har aka laƙaba masa sunan kogin. A kududdufan damina yake zama, namijin mai ado, macen ba ta da shi. Kafin ruwa ya ƙafe sai su binne ƙwai cikin laka, ƙwan ya kwana a busasshiyar ƙasa duk rani, ya ƙyanƙyashe da saukar ruwan sama.