Malami da Siyasa a Cikin Aji

A watan Maris na 1984 gwamnatin Thomas Sankara ta kori malaman firamare fiye da 1,000 saboda yajin aiki, ta maye gurbinsu da matasa masu goyon bayan juyin juya hali, bayan ɗan gajeren horo. Yara ne suka ɗanɗana kuɗarsu.

Mu iyaye na Zangon Wagadugu, amana muka danƙa wa malami. Yana da ra'ayinsa da ƙuri'arsa da ƙungiyarsa, amma idan ya ɗauki alli, ya karantar da tarihin Sankara da na Compaoré bisa adalci, ya bar 'ya'yanmu su auna da hankalinsu. Hukuma kuma kada ta mayar da shi kakakinta. Allah Ya shirya mana zuri'a.