Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kanikawan Gombe Kan Motoci Masu Aiki Da Gas



Iyayenmu da yayyenmu kanikawa, masu gareji daga Tashar Dukku zuwa Jekadafari, daga Bolari zuwa Tumfure, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da rana. Mai mota ne ke rubuto muku, ɗaya daga cikin masu turo muku ita idan ta ƙi tashi. Abin da zan faɗa shawara ce, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lissafin kowane direba ya birkice. Litar da ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Mai Keke Napep da mai ɗaukar fasinja zuwa Bauchi ko Biu kowa neman mafita yake, kuma kalmar da ke bakin kowa ita ce gas. Ita ma gwamnati can ta karkata: a Disambar 2020 gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da gas, a Agustan 2023 kuma aka kafa shirin shugaban ƙasa na CNG. To amma ba a ofis ake ɗaura wa mota tukunya ba. A hannunku ake yi, kuma wajenku za ta dawo ran da ta fara tari. Ko gas ya zama sauƙi ga talakan Gombe ko ya zama makoki, ya danganta ne da irin aikin da ya fita daga garejinku.

Abu na farko, a raba gas biyu, domin jama'a sun haɗe su wuri guda. LPG shi ne gas ɗin girki. Ruwa ne a cikin tukunya, kuma matsinsa yawanci bai wuce bar 10 a ma'aunin matsi ba. CNG kuwa iska ce da ake dannawa da ƙarfin da ya kai bar 200, shi ya sa tukunyarsa take da kauri da nauyi, ba ta da ɗinkin walda ko ɗaya. Wanda ya ɗura CNG a tukunyar LPG, bam ya haɗa. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da CNG a birnin Benin, mutane suka jikkata, hukumomi kuma suka ce tukunyar haɗin gida ce da aka yi wa walda.

Wannan bambanci ya shafe mu kai tsaye. Bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ya nufi Kaduna da Kano, bai biyo ta Gombe ba, don haka duk CNG ɗin da zai iso mana sai a kan babbar mota. Gas ɗin girki kuwa ga shi nan a unguwanni. Tuni mutane suka saba sauya wa janareto kafireto su jona masa tukunyar kicin. Daga janareto zuwa keke da mota taku ɗaya ne, kuma a nan tsorona yake.

Don Allah, duk wanda ya zo muku da tukunyar girki ya ce a ɗaure masa a but, ku sallame shi, ko nawa ya ajiye. Tankin gas na mota, dogon ne ko mai zagayen nan da ke zama a gurbin safayar taya, yana da bawul na musamman. Shi ke tsayar da ɗuri idan ya kai kashi 80 cikin 100, shi ke datse gas idan bututu ya tsinke, shi ke rage matsi idan zafi ya yi yawa. Wannan kashi 20 da ake bari ba asara ba ce, wurin numfashi ne, saboda ruwan gas yana kumbura da zafi. Ku tuna yadda but ɗin mota yake da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kai maki 40 a inuwa. Tukunyar girki da siririn tiyonta na roba ba a yi su don wannan zafi da jijjigar hanyar Dukku ba.

Sannan LPG ya fi iska nauyi. Idan ya yi yoyo ba ya tashi sama kamar CNG, kwanciya yake a ƙasa ya nemi kwari. A gareji kuwa kwarin shi ne ramin da yaranku ke shiga duba ƙarƙashin mota, ga mai walda a gefe yana watsa tartsatsi, ga mai shayi da wutarsa. Kada a kwanar da mota mai gas a kan rami. Kada a nemi yoyo da ashana ko a dogara da hanci kawai. A kaɗa ruwan sabulu a shafa a kowace mahaɗa. Inda ya yi kumfa, nan ne. Kuma dole akwatin bawul ya kasance da hanyar da ke fitar da gas waje, ba cikin mota inda fasinja ke zaune ba.

Yanzu ga wata al'ada tamu da gas ba zai lamunta ba. Da an shigo da mota, abin da aka saba shi ne a cire mata tamostat, a jona fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya, wai motar Turai ce ba ta san zafinmu ba. To na'urar da ke mayar da ruwan gas ya zama iska da ruwan lagireto take ɗumama. Shi ya sa motar ke tashi da fetur, sai inji ya yi ɗumi ta koma gas da kanta. Idan an cire tamostat, da asubar hunturu ruwan ba zai yi zafi da wuri ba. Direba ya matsa, sai ka buɗe bonet ka tarar na'urar ta yi fari fat da ƙanƙara, mota na shaƙewa tana mutuwa a tsakiyar titi. Ruwan rijiya kuma tsatsa yake tarawa ya toshe 'yan hanyoyin cikinta. Daga nan sai a ce gas ne ba shi da kyau, alhali hannu ne ya ɓata.

Gas ya fi fetur wuyar kamawa, saboda haka fulogin da zai lallaɓa da fetur, a gas sai ya tona asiri: mota ta riƙa fizga, a tsofaffin motoci har ta yi harbi ta baya ta fasa gidan filtar iska. A sa fulogi mai kyau, a duba wayoyinsa, a riƙa kakkaɓe filtar iska a lokacin ƙura. Filtar gas kuma a sauya ta duk bayan kilomita 10,000 zuwa 15,000. Gas busasshe ne, ba ya sanyaya bawul kamar fetur, don haka a wasu injuna mazaunin bawul yakan cinye a hankali. Saitin bawul a kan kari ya fi sauke kan inji araha. Haka idan direba ya roƙe ku a rage masa gas don ya yi tsimi, ku gaya masa gaskiya: inji mai yunwa zafi yake yi ya ƙone bawul. Saitin motocin zamani da kwamfuta ake yinsa, ba da kunne ba.

Abu biyu kuma ku ja wa direbobi kunne a kai. Kada su bar tankin fetur a bushe, domin famfon mai a cikin fetur yake samun sanyi, nozul kuma idan ya daɗe bai yi aiki ba toshewa yake. Kwata ɗin tanki ya isa. Na biyu, baƙin mai a motar gas yakan daɗe bai yi baƙi ba, amma hasken launinsa ba ya nufin yana da sauran ƙarfi. Sabis da lokacinsa ake yi.

Sai batun amana. Ba kullum gas ɗin girki ke fin fetur araha ba. Kilo ɗaya yana ba da kusan lita biyu, amma mota ta fi shan sa da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. A taƙaice, kilo ɗaya yana aikin kusan lita ɗaya da rabi ta fetur. Duk ranar da kuɗin kilo ya kai kuɗin lita ɗaya da rabi, riba ta ƙare, ga kuɗin kayan juyi ba a mayar ba. Ku yi wa mutum wannan lissafi kafin ya sayar da akuyar matarsa. Wanda ke yini a kan titi zai iya mayar da kuɗinsa. Mai zuwa ofis ya dawo zai daɗe yana jira.

Ban faɗi wannan don a guji gas ba. A Turkiyya motoci sama da miliyan huɗu ne ke yawo da LPG, haka abin ya yaɗu a Poland da Italiya da Koriya ta Kudu. Abin da ya riƙe su shi ne kaya masu hatimin inganci, ma'aikaci mai horo, da duba tanki a kan lokaci. Ba wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Ku da kuka tashi daga kafireto kuka koyi injekta, wannan ba zai gagare ku ba.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyarku ta NATA shi ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku nemi horo daga hukumar bunƙasa ƙera motoci ta NADDC, ku ƙulla alaƙa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke nan Gombe domin yaranku su samu takardar shaida. Ku ƙi duk tankin da ba shi da lamba da ranar ƙira da shaidar hukumar kula da ingancin kaya ta SON. Kowace motar da aka juya a ba mai ita takarda mai sunan gareji da ranar da zai dawo dubawa. Kowane gareji ya ajiye abin kashe gobara. Wanda kuma ya yi aikin ganganci a cikinku, ku fara hukunta shi kafin hukuma ta zo, domin mota ɗaya idan ta kama da wuta da fasinja a tasha, sunan dukkanku ne zai ƙone.

Mu masu mota ba mu san abin da ke ƙarƙashin bonet ba, amana muke ba ku tare da makulli, kuma 'ya'yanmu ne a kujerar baya. Ku koyi aikin kafin ku karɓe shi, wanda bai iya ba ya tura wa wanda ya iya. Allah Ya yi wa sana'a albarka, Ya tsare mu baki ɗaya.

Wassalam.

Naku,
Wani mai mota, daga Gombe.