Kafin A Ce An Yi Wa Doki Baki, A Kwance Damin Harawa



Wata magana ce na ji a majalisa bayan la'asar ta hana ni sakat. Wani bawan Allah mai dawaki biyu da yake bayarwa haya ranar biki yana ta ƙorafi wai kwana uku ke nan sun ƙi cin harawa, alhali harawar wake ce kore shar, daga Kano aka kawo masa da kuɗi masu ciwo. Nan take majalisa ta yanke hukunci. Wannan ya ce baki ne, wancan ya ce sammu, wani kuma ya ce sangarta ce, a bar su da yunwa za su ci dole. Ko mutum ɗaya bai ce a je a duba harawar ba. Haba jama'a!

Na bi shi gida. Daga waje kam dami ba shi da makusa. Amma da muka yanke igiya na cusa hannu tsakiya, sai na ji ɗumi, ga warin ruɓa, ga wata farar ƙura tana tashi. Fumfuna ce ta cinye cikin. Abin da idonmu bai gani ba, hancin doki ya riga ya ji tun daga turke.

Laifinmu shi ne mun taho Abuja da jiki, amma kanmu yana Kano. A gida damina daga Yuni ce zuwa Satumba, ana ɗora harawa a kan rumfa ko reshen bishiya, busasshiyar iska ta yi sauran aikin. Nan kuwa ruwa yakan sauka tun Afrilu, bai ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba. Duk da haka sai ka ga mutum ya jibge dami a kan siminti, ya lulluɓe da tamfol ruf, wai yana kare ta daga ruwa, alhali tukunya ya ɗora. Harawar da danshinta ya wuce kashi 20 cikin 100 ba ta da makawa sai ta yi fumfuna. Su ma wasu masu sayarwa ba su tsira ba, suna ɗaurewa tun ba ta gama shan rana ba, don ta fi nauyi da kyan gani.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai yayyafa ruwan kanwa ko gishiri don ya yaudari dabba ta ci. Malam, doki ba ya amai. Haka Allah Ya halicce shi, abin da ya shiga cikinsa ya shiga. Daga nan sai ciwon ciki, ka gan shi yana birgima yana zufa, ko tarin da ba ya jin magani. Fumfunar gyaɗa hanta take ci, ta masara kuma takan taɓa ƙwaƙwalwar doki. Wanda yake ganin wasa ne ya tuna Kenya a 2004, inda gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Mutane fa, ba dawaki ba.

Na yarda, wani lokacin haƙori ne. In ka ga yana tauna yana zubar da curi-curi a ƙasa, kira likitan dabbobi ya goge masa kaifin. Amma gwajin ba ya cin ko sisi: aro harawa tafi guda wajen maƙwabci ka miƙa masa. In ya ci, ka san inda mai laifi yake.

Muna bugun ƙirji cewa UNESCO ta karrama hawan sallar Kano a 2024, muna zuba kuɗi a sirdi da jalala da linzami, amma katako huɗu da za a ɗaga harawa daga ƙasa ya gagare mu.

Dami goma ne a ɗakin abokin namu, shida muka cinna wa wuta. Ya so ya ba tumaki na hana shi. Dawakin sun ci sauran a daren, shi kuwa har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata.