Zuwa ga Maginan Tsohon Birnin Gwari

Ƙannena da 'ya'yana,

Na san ba ku da ƙyuya, kuma duk wanda ya shiga dajin nan neman azara a halin da ake ciki ya isa a yi masa sannu. Allah ya yi albarka.

To amma wa ya koya muku shafe ginin tubali da siminti? Ƙasa takan sha ruwa da damina, ta fitar da shi da rani. Kun lulluɓe ta, ruwa ya bi ta tsaga ya shiga, ya rasa mafita. Mai gida na ganin bango sumul, ciki kuwa ya zama kunu. Ku ƙwanƙwasa shi bayan damina biyu, za ku ji simintin ya rabu da ƙasar. Ranar da zai ɓallo, da guntun katanga zai taho.

Iyayenmu makuba suke yi da ɓawon ɗorawa, su bi rufin soro da laso na katsin marina. Kafin ruwa ya sauka a sake yaɓe, a gyara indararo. A wajen yaɓen nan yaro ke koyon kwaɓa ƙasa, har hannunsa ya kai ga ginin bakan gizo. Simintinku ya rufe wannan makaranta.

Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'ar Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu (1834–1846), da ƙasa da azara kawai. Ana ba da labari cewa a nan garin ma ya gina masallaci, aka kashe shi don kada ya yi wa wani sarki irinsa. Wancan mutum ɗaya aka kashe. Ku sana'ar ɗungurungum kuke binnewa, ko kunya babu!

A Japan, ɗakin bautar Ise, mai salon ginin da suke kira shinmei-zukuri, katako ne da rufin ciyawa. Duk shekara 20 sai a sake shi sabo. Na 2013 shi ne karo na 62. Addininsu nasu ne, amma dabarar abin ɗauka ce: ba gwanin da zai tafi da iliminsa kabari.

Idan mai gida ya nace sai siminti, ku ce ya sayi bulo. Ginin tubali kuwa a ba shi makubarsa, ku riƙa tafiya da yaranku wurin aiki.

In harshena ya yi kaifi, ku yi haƙuri, kishin sana'armu ne.

Wassalam,
Wani tsohon magini