Kafin A Ce Saniya Juya Ce

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in ja hankalin 'yan'uwana manoma da masu ƙaramin jari da ke sayen shanun tatsa.

Yanzu kowa ya sami ɗan kuɗi sai ya ce ruwa-biyu zai saya, wato haɗin Bunaji da Firiziyan mai asali daga ƙasar Holan, irin haɗin da aka daɗe ana yi a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, Zariya. Ni ma a 2022 na sayar da masara, na haɗa da kuɗin tireda na sayi guda da ɗan maraƙinta. Madara kam ba a magana. Amma fa sai da ta wuce shekara ba ta ɗauki ciki ba. Maƙwabta suka ce juya ce, jinin Turai ba ya haihuwa a nan, in kai wa mahauta tun tana da nama.

Allah ya sa na kira malamin dabbobi. Da ya ga haƙarƙarinta a waje, ga kaska, sai ya ce laifina ne. Ya ce yawan madara ne ke bin jini, amma ɗaukar ciki mafi yawansa na hannun mai kiwo. Saniya mai yawan nono jikinta take narkarwa ta ba ka madara, in ta rame da rani sai ta daina neman bijimi. Zafin rana kuma ya fi dukanta a kan Bunajinmu. Ga shi neman bijimin kusan duk kwana 21 yake zuwa, ba ya cika yini guda, sau da yawa ma da dare ne. Ni kuwa ina kasuwa, yara ke ɗaure ta a rana.

Na kafa mata rumfa, na ƙara dusa da angurya da harawa da kanwa, ruwa ba ya yankewa. Ta ɗauka, bayan wata 9 ta haifi 'yar maraƙa.

Ban ce babu juya ta gaskiya ba. Akwai kuma bakkale mai sa ɓari, wadda ta yi ɓari a kai ta a gwada, kada a sha madararta ɗanya.

Ina kira ga malaman gona su riƙa shiga karar shanu ranar kasuwa suna yi wa mutane wannan bayani kafin su zuba jarinsu. Mai sayarwa madara kawai zai faɗa maka.

Naku,
Wani manomi mai tireda,
Giwa, Jihar Kaduna.