Maganin sikila ya samu, amma wa zai iya sayensa?

A watan Nuwamba na 2023 hukumar magunguna ta Birtaniya ta amince da wani sabon maganin cutar sikila, wato amosanin jini, mai suna Casgevy, Amurka kuma ta bi sahu a watan Disamba. Shi ne magani na farko da aka yarda da shi mai amfani da fasahar CRISPR, wadda ke gyara ƙwayoyin halittar da mutum ya gada. Bayan wannan nasara akwai aikin masana biyu: Swee Lay Thein, haifaffiyar Malesiya, da Stuart Orkin na jami'ar Harvard. Su ne suka raba lambar yabo ta Shaw a fannin likitanci a 2024.

Tun 1948 wata likitar yara a birnin New York, Janet Watson, ta lura cewa jariran da aka haifa da sikila ba sa shan wahala a watanninsu na farko. Dalili shi ne ɗan tayi yana da nasa irin sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jini, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayoyin jini su koma kamar lauje. Bayan haihuwa sai jiki ya daina yin sa, ciwon ya fara. Abin da ya gagara shekaru da yawa shi ne gano makunnin da ke kashe shi.

A 2007 Thein da abokan aikinta a Landan suka nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A tana da hannu a ciki. A 2008 ɗakin binciken Orkin ya tabbatar ita ce makunnin. A kan wannan aka gina Casgevy: ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a raunana makunnin, a mayar masa da su. A gwajin da hukumar Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da mummunan tashin ciwo ba.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, sama da miliyar ɗaya na sefa. Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba majinyaci magani mai ƙarfi irin na kansa don share ɓargonsa, abin da kan iya hana haihuwa, sannan ya yi makonni a asibiti na musamman. Alhali mafi yawan masu cutar a Afirka suke, kuma a Najeriya kaɗai an ƙiyasta ana haihuwar yara kusan 150,000 da ita duk shekara. Uwar da ke Maraɗi ko Damagaram, wadda ke faɗi-tashin neman ledar jini guda, wannan magani ya yi mata nisa.

Duk da haka binciken bai tashi a banza gare mu ba. Ya ƙara tabbatar da cewa ɗaga sinadarin ɗan tayi shi ne hanya, kuma akwai tsohon magani mai rahusa, hydroxyurea, da ke yin haka daidai gwargwado. Gwajin da aka yi wa yara a Angola, Kwango, Kenya da Uganda ya nuna yana rage tashin ciwo da mace-mace. Samar da shi a asibitocin jihohi, da gwada jarirai tun haihuwa, da ƙarfafa cibiyar sikila ta ƙasa da ke Yamai, abubuwa ne da gwamnati za ta iya yau.

Mu ma muna da namu rabon. Idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure a 2024. Limamai da waliyyai su riƙa neman sakamako tun lokacin neman aure, kafin zukata su shaƙu, ba ranar ɗaurin aure ba.

Ɗalibai kuma su lura: shekara 75 aka yi daga abin da Watson ta gani zuwa maganin. Sauƙaƙa farashinsa aiki ne da ya rage, kuma ƴaƴan ƙasashen da cutar ta fi addaba su suka fi cancanta su shiga cikinsa.